Nisan Singafo zuwa New York a jirgin sama: kilomita nawa ne na gaskiya?

Tambayar da aka aiko ita ce: "Na nemi nisan da ke tsakanin filin jirgin sama na Changi a Singafo da filin JFK a New York. Wani wuri na ga 15,349, wani 9,537, wani kuma 8,288. Da na bibiyi jirgin a manhajar waya sai na ga ya ci fiye da kilomita 16,000, kuma hanyar zuwa daban, ta dawowa daban. Wanne ne daidai, kuma yaya ake lissafa shi?"

Malam, babu wanda ya yi maka ƙarya a cikinsu. Alƙaluma ukun farko nisa ɗaya ne aka auna da ma'auni uku. Kilomita 15,349 shi ne mil 9,537 irin na ƙasa, wanda Amurkawa ke ƙirga tafiya da shi, kowane ɗaya mita 1,609. Shi ne kuma mil 8,288 irin na teku, wanda matuƙan jirgin sama da na ruwa ke aiki da shi, kowane ɗaya mita 1,852. Ninka 8,288 sau 1.852 a kalkuleta, za ka ga ta dawo da kai kan 15,349. Saboda haka duk inda ka ga adadi babu ma'auni a gefensa, kada ka ɗauke shi tukuna. Tsakanin mil na ƙasa da mil na teku akwai bambancin kashi 15 cikin 100, kuma a tafiya irin wannan bambancin ya haura kilomita dubu biyu.

Wannan 15,349 ɗin shi ne hanya mafi gajarta da za a iya ja a doron duniya tsakanin filayen biyu. Jirgi ba zai taɓa yin ƙasa da shi ba, kuma da wuya ƙwarai ya yi shi cif. Adadin da ka gani a manhaja shi ne abin da jirgin ya keta a ranar da ka duba, gobe kuma wani ne daban. Dalilin da ya sa suke saɓawa shi ne abin da ya fi cancantar a fahimta a nan, amma bari a fara da yadda ake samun gajeriyar hanyar.

Ɗauki ƙwallo da zare. Sa alama biyu a jikin ƙwallon, ɗaya a tsakiyarsa, ɗaya a can bayansa, sama kaɗan da tsakiya. Danne zaren a kan alama ɗaya da babban yatsa, ka ja ɗaya bakin zuwa alama ta biyu har ya miƙe sosai. Za ka ga zaren bai kewaya ta ƙugun ƙwallon ba, ya haura ta kansa ya gangaro. Layin da zaren ya kwanta a kai yanki ne na abin da ake kira babbar da'ira, wato da'irar da in ka yanka ƙwallon a kanta za ka raba shi gida biyu daidai wa daida. Duk lissafin nisan jiragen sama a kan wannan layin aka gina shi.

Abin da ke rikita mutane ita ce taswirar bango. Irin wadda aka fi sani, zanen Gerardus Mercator ne na shekarar 1569, kuma don matuƙan jirgin ruwa aka yi ta, domin su riƙe kamfas a fuska ɗaya. Da yake ba a shimfiɗa ƙwallo a takarda sai an ja wani ɓangare, sai ta buɗa ƙasashen can arewa da can kudu fiye da ƙima. Shi ya sa tsibirin Girinlan ke fitowa kamar ya kai Afirka girma, alhali Afirka ta ninka shi kusan sau 14. In ka aza rula a kan wannan taswira ka ja layi miƙaƙƙe daga Singafo zuwa New York, ka bi shi da jirgi, za ka ci wajen kilomita 18,500. Layin da ya yi kama da miƙaƙƙe a takarda ya ɗara na gaskiya da sama da kilomita 3,000, wanda kuma ya yi kama da baka shi ne gajere.

Yanzu lissafin. Abin da kake buƙata lambobi huɗu ne, wato latitud (nisan wuri arewa ko kudu, da digiri) da longitud (nisansa gabas ko yamma, da digiri) na kowane fili. Changi yana digiri 1.36 arewa da layin da ya raba duniya biyu, kuma digiri 103.99 gabas. JFK yana digiri 40.64 arewa, digiri 73.78 yamma. Tunda ɗaya yana gabas ɗaya yana yamma, haɗa longitud ɗin za ka yi: 103.99 da 73.78 sun ba da 177.77. Lura da wannan adadi da kyau. Saura digiri biyu da ɗan kai ya cika 180, ma'ana filayen biyu kusan suna bayan juna ne a kan layi guda da ya ratsa ƙololuwar duniya ta arewa.

Wannan ya ba mu wata dabara mai sauƙi da ba ta buƙatar komai sai ragi da tarawa. Daga Changi zuwa ƙololuwar arewa, 90 a cire 1.36, saura 88.64. Daga ƙololuwar zuwa JFK, 90 a cire 40.64, saura 49.36. Haɗa su, digiri 138 ke nan. Kowane digiri ɗaya a kan babbar da'ira mil 60 ne na teku, don da ma mil na teku an yanka shi ne ya zo daidai da kashi ɗaya cikin sittin na digiri. Sau 60 na 138 shi ne 8,280. Dubi yadda ya matso kusa da 8,288 da aka ba ka. Amma wannan dabara tana aiki ne kawai inda bambancin longitud ya kusa 180. Kada ka gwada ta tsakanin Landan da Dubai, za ta ɓatar da kai.

Hanyar da ke aiki ga kowane fili biyu ita ce wannan, kuma tana buƙatar kalkuletar kimiyya mai maɓallan sin da cos. Nemo sin na latitud ɗin farko ka ninka da sin na biyu: 0.0237 sau 0.6513, ya ba da 0.0155. Ajiye shi. Sai ka nemo cos na latitud ɗin farko, da cos na biyu, da cos na bambancin longitud, ka ninka su ukun: 0.9997 sau 0.7588 sau −0.9992, ya ba da −0.7580. Haɗa da wanda ka ajiye, ka sami kimanin −0.7425. Danna maɓallin da ke juya cos baya, zai ba ka digiri 137.95 ko kusa da haka. Ninka shi da kilomita 111.19, wanda shi ne tsawon digiri ɗaya in an ɗauki duniya a matsayin ƙwallo mai kilomita 6,371 daga tsakiya zuwa doro. Za ka sami wajen kilomita 15,340.

Za ka ce ina sauran kilomita tara ko goma? Duniya ba cikakken ƙwallo ba ce, ta ɗan kumbura a ƙugu. Daga tsakiyarta zuwa layin ƙugu kilomita 6,378 ne, zuwa ƙololuwa kuwa 6,357. Masu fitar da alƙaluman hukuma suna aiki da siffar da ake kira WGS 84, wadda GPS ma da ita yake aiki, da lissafi mai tsawo irin wanda Thaddeus Vincenty ya wallafa a 1975. Kuskuren ɗaukar duniya a matsayin ƙwallo ba ya wuce rabin kashi ɗaya cikin ɗari, don haka ga mai son sani kawai, lissafin kalkuleta ya wadatar.

Inda lissafin ke lalacewa wurare ne sanannu. Na farko kuma mafi muni, mantawa cewa yamma da gabas ba gefe ɗaya suke ba. In ka debe 73.78 daga 103.99 maimakon ka haɗa, ka ɗauke JFK ka kai shi tsaunukan Kirgistan ke nan, kuma kalkuleta za ta ba ka wajen kilomita 5,300 ba tare da ta yi maka gardama ba. Na biyu, rikita minti da ɗigo. In an rubuta digiri 40 da minti 38, ba 40.38 ba ne, sai ka raba 38 da 60, ya zama 40.63, kuma wannan ɗan saɓani kaɗai ya kai kusan kilomita 28. Na uku, kalkuleta tana kan radiyan, wani ma'aunin kusurwa daban, kai kana zuba mata digiri. Gwada ta tukuna: in cos na 60 bai ba ka 0.5 ba, gyara saitinta. Sai kuma ɗaukar tsakiyar gari a madadin fili. New York tana da filaye fiye da ɗaya, kuma daga Changi zuwa Newark kilomita 15,344 ne, ya gaza na JFK da kilomita biyar kacal. Don gudun wannan ne ake aiki da lambobin filaye: SIN da JFK da EWR a tikiti, WSSS da KJFK da KEWR a takardun matuƙa. A kula, SIN ɗin nan Singafo ce, ba ƙasar Sin ba.

To, in jirgi zai bi zaren nan sak, daga Changi zai fuskanci arewa kusan kai tsaye, ya ratsa Tailan da Lawos da ƙasar Sin da Mongoliya da Siberiya ta Rasha, ya wuce ƙasa da kilomita 300 daga ƙololuwar duniya, sannan ya gangaro ta arewacin Kanada zuwa New York. Amma ba a nan gizo ke saƙar ba. Mai tsara hanya a ofishin kamfani ba kilomitan ƙasa yake ƙirgawa ba. Abin da ke gabansa shi ne awa nawa injin zai yi yana ci, kuma tan nawa na mai zai sha.

Jirgi a cikin iska yake iyo, kamar kwalekwale a cikin kogi. Airbus A350 da ke wannan hanya yana keta iska da gudun wajen kilomita 900 a awa, kuma wannan gudun ba ya canzawa sosai. Abin da ke canzawa shi ne ita iskar da yake ciki. A tsayin kilomita 9 zuwa 12, daidai inda jiragen nan ke tafiya, akwai wasu koguna na iska masu gudu daga yamma zuwa gabas, siraran gaske in an gwada da tsawonsu, waɗanda a lokacin sanyin arewacin duniya sukan haura kilomita 200 a awa, wani lokaci har 300, musamman a saman Japan da arewacin Atlantika. Jirgin da ya shiga ɗaya daga cikinsu yana fuskantar gabas, gudunsa a ƙasa sai ya zama 900 haɗe da gudun iskar. Wanda ya tunkare ta kuwa, ragi za a yi masa.

Ga misali da alƙaluman da aka zaɓa don sauƙin lissafi. Hanya ta farko kilomita 15,400 ce, amma a matsakaici akwai iskar gaba mai gudun 30. Jirgi na cin ƙasa da 870 a awa, tafiyar ta ɗauki awa 17 da minti 42. Hanya ta biyu kilomita 16,800 ce, ta fi ta farko da 1,400, amma akwai iskar baya mai gudun 90. Jirgi na cin ƙasa da 990, tafiyar ta ɗauki awa 17 ba 'yan mintuna. An rage sama da minti 40. Jirgi irin wannan yana shan wajen tan 6 na mai a awa, don haka an tsira da kimanin tan huɗu. In ka auna iskar da jirgin ya keta maimakon ƙasar da ya tsallake, a hanya ta farko ya keta kilomita 15,930, a ta biyu 15,270. Wato doguwar hanya a ƙasa ita ce gajera a iska, kuma tankin mai nisan iska kaɗai ya sani.

Wannan ba zance ne na takarda ba. A watan Oktoban 2016 kamfanin Air India ya sauya hanyar jirginsa na Delhi zuwa San Francisco daga ta Atlantika zuwa ta Fasifik. Sabuwar hanyar ta kai wajen kilomita 15,300, ta fi tsohuwar da kusan 1,400, amma ta rage kimanin awa biyu. A watan Fabrairun 2020 kuma, lokacin guguwar Ciara, wani Boeing 747 na British Airways ya taso daga JFK ya sauka Landan cikin awa 4 da minti 56, tafiyar da ta saba cin sama da awa shida. Nisan bai ragu da ko taku ɗaya ba.

Abin da ya sa hanyar Singafo da New York ta fita daban shi ne wancan 177.77. Tunda biranen biyu kusan suna bayan juna, karkata ta gabas ko ta yamma kusan farashinsu ɗaya ne a kilomita. Sai masu tsarawa suka sami damar fuskantar gabas a zuwa da kuma dawowa. Jirgin da ya tashi daga Singafo galibi yakan haura ta kusa da Japan, ya tsallake arewacin Fasifik, ya shigo ta Alaska ko Kanada. Wanda ya taso daga New York sau da yawa yakan tsallake Atlantika, ya ratsa Turai da yammacin Asiya da Indiya ya sauko Singafo. A irin waɗannan ranaku, jirgin da ya je ya dawo ya kewaye duniya ke nan, iska na tura shi duk tsawon tafiyar. Shi ya sa ka ga hanya biyu daban, kuma shi ya sa abin da manhaja ke nunawa yakan faɗa tsakanin kilomita 16,000 da 17,000 da wani abu.

Wasu kan ɗauka juyin duniya ne ke kawo filin sauka kusa da jirgi. Ba haka ba ne, iskar da jirgin ke ciki tare da duniyar take juyawa. Hannun da juyin duniya ke da shi a ciki shi ne, tare da bambancin zafi tsakanin ƙugun duniya da ƙololuwarta, shi ke sa kogunan iskar nan su fuskanci gabas.

Bayan iska sai siyasa. Sararin samaniyar kowace ƙasa nata ne, sai da izini ake ratsawa, kuma biya ake yi. Tun watan Fabrairun 2022, da yaƙin Yukren ya ɓarke, Rasha ta rufe samaniyarta ga jiragen ƙasashen Turai da dama, wasu kamfanonin kuma suka daina bi don kansu. Tafiyar Finnair daga Helsinki zuwa Tokyo, wadda a da ba ta cika awa goma ba, ta koma wajen awa 13. Babban yanki na zaren da muka ja tsakanin Singafo da New York a kan Siberiya ya kwanta, don haka ga duk kamfanin da ke kauce wa Rasha, gajeriyar hanyar nan a takarda kawai take.

Sai batun tsira, wanda shi ne ba a sassauta masa. Jirgi mai inji biyu dole ne a kowane wuri a hanyarsa ya kasance zai iya kaiwa wani filin da ya dace da inji ɗaya cikin ƙayyadadden lokaci. Tsohuwar ƙa'ida minti 60 ce. A 1985 aka fara ba da izinin minti 120 ƙarƙashin tsarin da ake kira ETOPS, daga baya 180, a 2014 kuma hukumar kula da lafiyar jiragen sama ta Turai ta amince wa A350 har minti 370. Mai tsarawa yakan zana da'ira kewaye da kowane filin gaggawa, irin su Anchorage da Cold Bay a Alaska, ko Gander da Goose Bay a Kanada, ko Keflavik a Aislan, ya tabbatar hanyar ba ta fita daga cikin da'irorin ba. Kuma kasancewar fili a taswira bai isa ba. In hasashen yanayi ya nuna hazo ko ƙanƙara za su rufe shi a sa'o'in da za a iya buƙatarsa, an cire shi daga lissafi, sai hanyar ta lanƙwasa ta nemi wani. Hanyar lafiya, a bi ta da shekara.

Can kusa da ƙololuwar arewa akwai nasa matsalolin. Man jirgi yana daskarewa: irin Jet A da ake sha a filayen Amurka an ƙayyade masa digiri 40 ƙasa da sifiri, Jet A-1 da ake samu a yawancin sauran duniya kuma 47 ƙasa da sifiri. In jirgi ya daɗe a cikin iska mai tsananin sanyi, zafin man da ke cikin fukafukai yana ta sauka, kuma in ya kusa iyakar nan dole matuƙa su sauko ƙasa kaɗan ko su ƙara gudu, duka biyun kuwa mai suke ci. Kamfas na maganaɗisu ba ya da amfani a can. Taurarin ɗan'adam da ke tsaye a saman ƙugun duniya ba sa hango abin da ya haura wajen digiri 82, sai a koma kan wasu taurarin ko rediyo mai dogon zango, wanda shi kuma guguwar rana kan dagula shi. A ɗaya ɓangaren, tsaunuka ma kan kori hanya. In iskar shaƙa ta cikin jirgi ta zube, dole a sauko zuwa wajen mita 3,000 cikin gaggawa, tudun Tibet kuwa ya fi haka tsawo, don haka ake raɓa shi.

Ƙananan abubuwa su ma suna taruwa. Jirgi ba ya tashi ya miƙe kai tsaye, yana bin titin da iska ta ba da dama, wani lokaci ya fuskanci akasin inda za shi kafin ya juyo. A sama akwai hanyoyi da aka shata daga wata alama zuwa wata, akwai wuraren sojoji da ba a shiga, akwai hadarin da ake kewayewa, wanda a kusa da Singafo abin kullum ne. A bakin New York kuma masu kula da zirga-zirga kan jera jirage su miƙar da su, ko su sa su shawagi. Ko tsayin da jirgi ke tafiya yana ƙara wani abu, domin da'irar da ke kilomita 12 sama da ƙasa ta fi ta ƙasa faɗi, amma a duk tafiyar bai wuce kilomita 30 ba, kuma ba a sa shi a lissafi.

Abin da ya sa ake wannan tsantseni duka shi ne a irin wannan nisa mai shi ne babban kaya. Samfurin A350-900ULR da kamfanin Singapore Airlines ya karɓa a 2018 yana ɗaukar lita 165,000, wajen tan 130, alhali duk nauyin da aka yarda ya tashi da shi tan 280 ne. Kujeru 161 kawai aka sa masa, babu ƙananan kujeru na gama-gari, a jirgin da a wasu hanyoyi yake ɗaukar mutum 300. Kuma man da aka zuba ba na tafiya kaɗai ba ne. Akwai na gangarawa zuwa titin tashi, akwai na ko-ta-kwana wanda yawanci kashi 5 ne cikin 100 na man tafiya, ko kashi 3 in an cika wasu sharuɗɗa, akwai na zuwa wani filin in na farko ya ƙi saukuwa, akwai kuma na ƙarshe, na shawagin minti 30, wanda ba a yarda a taɓa shi ba sai a halin gaggawa. Ɗaukar mai kuma mai yake ci. Ƙiyasin da masu tsarawa ke aiki da shi shi ne kowane ƙarin nauyi yana cinye kashi 3 zuwa 4 cikin 100 na kansa a kowace awa. A tafiyar awa 18, tan ɗaya da aka ƙara a Changi kusan rabinsa ya ƙone wajen ɗaukar kansa kafin a isa. Saboda nauyin nan ne ma jirgin ba ya iya hawa can sama da farko. Yana farawa ƙasa-ƙasa, yana hawa mataki-mataki yayin da tanki ke raguwa.

Wannan ne ya kayar da yunƙurin farko. Kamfanin ya buɗe hanyar Singafo zuwa Newark a 2004 da Airbus A340-500 mai inji huɗu, ya rufe ta a 2013 da tsadar mai ta sa ba ta fitar da kanta, sai a Oktoban 2018 ta dawo da jirgi mai inji biyu. Ta JFK kuma an buɗe ta a Nuwamban 2020, ta karɓe matsayin hanya mafi tsawo da ake yi ba tsayawa da waɗancan kilomita biyar ɗin.

Game da lokaci, awa 18 da rabi zuwa 19 da kake gani a tikiti ana ƙirga su ne daga lokacin da jirgi ya motsa daga inda ya yi lodi har ya tsaya a wancan gefen, da tafiyar ƙasa da jiran layi duka a ciki. Zaman sama zalla yakan gaza haka. Kuma kada ka auna tsawon tafiya da agogon tashi da na sauka, domin kowanne da lokacin garinsa aka rubuta shi. Singafo tana gaban New York da awa 12 daga Maris zuwa farkon Nuwamba, da awa 13 a sauran watanni. Jirgin da ya tashi Singafo da ƙarfe 12 na rana a watan Yuli, ya yi awa 18 da rabi, zai sauka New York da ƙarfe 6:30 na yammar ranar da ya tashi. Wanda ya bar New York da ƙarfe 10 na daren Litinin a wannan watan, ya yi awa 19, sai ƙarfe 5 na asubahin Laraba zai sauka Singafo.

Wani tarkon kuma yana cikin kalmomin tikiti. Jirgi mai lamba ɗaya daga farko har ƙarshe ba lallai ne ya zama marar tsayawa ba. Akwai wanda ke zuwa JFK daga Singafo ta Frankfurt a Jamus da lamba guda. Nisansa sai a lissafa zango-zango: Changi zuwa Frankfurt wajen kilomita 10,280, Frankfurt zuwa JFK wajen 6,200, jimla kusan 16,480. Ko da yake ya ɗara gajeriyar hanya da sama da kilomita 1,100, bai yi nisa da abin da marar tsayawa ke ci ta Atlantika ba. Sa'o'in da ake ɓatawa a sauka da zama da sake tashi su ne bambancin.

Idan kwatanta hanyoyi kake yi, ko kana son sanin wace ce ta fi wata tsawo, yi aiki da 15,349, domin shi ne ba ya motsi, kuma da irinsa ake jera hanyoyin duniya: Oklan zuwa Doha 14,535, Perth zuwa Landan 14,499, Sidni zuwa Landan da Qantas ke shirin yi ba tsayawa wajen 17,000. In kuwa tafiyar wata rana takamaimai kake son fahimta, koma manhajar ka dubi gudun jirgin a ƙasa. In ka gan shi a gabashin Japan yana nuna 1,050 ko sama, ka debe 900, abin da ya rage shi ne iskar da ya karkato ya nema. In ka ga 800, tunkarar ta yake yi. Wasu manhajojin da mil na teku a awa suke nuna gudun, don haka in ka ga adadi kamar 560, ninka shi sau 1.852 kafin ka yi ragin.